Na ce ya kama mini aikin gida, ya ce an hure mini kunne

Anti, barka da aiki. Ni malamar makarantar sakandare ce, shekarata 33, aurena shekara takwas, yaranmu uku, ƙaramar ba ta cika shekara biyu ba. Ni da maigidana duk muna aiki, kusan tare muke fita tare muke dawowa. Sai dai in mun dawo shi ya tashi daga aiki ke nan, ni kuwa lokacin nake kama wani: girki, wanki, wankan yara, taya su aikin makaranta, sai dare ya raba in zauna duba takardun ɗalibaina. Kusan rabin albashina a gidan yake ƙarewa, ban taɓa ƙorafi ba. Ba mugun mutum ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, yana son yaransa. Amma ranar da na roƙe shi ya riƙa yi wa yara wankan yamma, sai ya ce masu rajin 'yancin mata na intanet sun hure mini kunne, wannan ba tarbiyyar addini ba ce, in na gaji in ajiye aikin in zauna a gida. Yanzu an yi mini tayin ƙarin girma a makaranta, na kasa amsawa don na san ƙarin nauyi ne. Ƙawata ta ce bauta nake yi, in fita in bar shi. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri, haka rayuwar mace take. Anti, ni ce da laifi? In ajiye aikin?

Ƙanwata, ba ke ce da laifi ba, kuma kada ki ajiye aikinki a cikin wannan gajiya. Na fara da wannan ne don na san shi ya hana ki barci. Sauran bayanin zai ɗan yi tsawo, ki daure ki karanta.

Macen da take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa ba ta buƙatar wata a intanet ta sanar da ita cewa ta gaji. Bayanta da ƙafafunta sun riga sun gaya mata. Abin da ke damunki kuma ba ke kaɗai yake damu ba, an auna shi an rubuta. A shekarar 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tattara bayanan yadda mutane ke kashe lokacinsu a ƙasashe 64, ta gano cewa sama da kashi 76 cikin 100 na aikin gida da raino da jinyar da ba a biyan ko sisi a kansu, mata ne ke yin su. A kowace rana mace tana ba wannan aiki awa 4 da minti 25, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Ba a sami ƙasa ko ɗaya da rabon ya zo daidai ba, har ƙasashen da ake yi wa kallon sun ci gaba. Wannan rahoto ya kuma nuna cewa mata miliyan 606 da suka isa aiki sun ce hidimar gida ce ta hana su fita nema, maza masu irin wannan uzuri kuwa miliyan 41 ne kacal. Shawarar da maigidanki ya ba ki, cewa in kin gaji ki ajiye aiki, ita ce hanyar da da yawa daga cikin waɗannan mata suka bi suka tsinci kansu a wannan lissafi.

Ina so ki fahimci abin da ya faru a ranar da kuka yi maganar. Ke kin kawo batun wankan yara uku, shi kuma ya mayar da shi batun wasu mata da ba ya so. Da kin biye masa, da kun kwana kuna gardama a kan mutanen da ba ku taɓa gani ba, yaran kuma ke za ki tashi ki yi musu wanka. Kada ki yarda a sake janye ki zuwa can. Ba sai kin kare kowa ba, ba kuma sai kin rantse kin barranta da kowa ba. In ya sake ɗauko zancen, ki ce masa cikin ruwan sanyi: "Ni ban san su ba, gidanmu na sani, kuma a kan gidanmu nake magana."

Duk da haka zan faɗi ra'ayina a kan waɗannan mata, don zargin ya yi yawa. Masu rajin 'yancin mata ba bakinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda nake karanta maganarsu in ji raina ya ɓaci, musamman masu ɗaukar kowane namiji abokin gaba da masu raina macen da ta zaɓi zaman gida. Sai dai waɗannan su ne masu ƙarar murya, ba su ne masu yawan aiki ba. Mafi yawan aikin ana yin sa ne a kan abubuwan da ke da kanki kike cin moriyarsu: yarinya ta yi karatu, mace ta karɓi albashi daidai da na namijin da suke aiki ɗaya, kada a kore ta don ta yi ciki, kada ta mutu wurin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai mata kusan 260,000 ne suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa, yawancinsu da an kula da ba su mutu ba. Yarjejeniyar ƙwadago ta shekarar 2000 da ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14 ba daga sama ta faɗo ba, mata ne suka yi shekaru suna neman hakan. A 2015 kuma ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu a kan muradun ci gaba 17, a cikin na biyar aka rubuta ƙarara cewa a daraja aikin gida da ba a biya, a kuma raba nauyinsa tsakanin mutanen gida. Wanda ya tattara duk wannan ya kira shi hure kunne bai yi adalci ba.

Maganar addini kuwa, ban ga inda kika kauce ba. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi in yana gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan ko hidimar gida wajibi ce a kan mace ko kyautatawa ce, amma ba su yi saɓani ba a kan cewa ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan miji, abin da mace ta samu da guminta kuma nata ne. Ke nan rabin albashin da kike zubawa a gidan alheri ne kike yi. Ban gaya miki wannan don ki riƙa goranta masa ba, gori yana ɓata alheri kuma yana kulle kunnen mai sauraro. Na gaya miki ne don ki daina shiga maganar kina jin kamar ke ce mai neman abin da bai halatta ba. Kin ɗauki wani ɓangare na nauyinsa ba tare da ya roƙa ba. Ba laifi ba ne ki nemi ya ɗauki wani ɓangare na naki.

Yanzu batun ajiye aiki. Ina girmama macen da ta zauna ta yi tunani, ta duba halin gidanta, ta ce ita raino za ta sa a gaba. Aiki ne babba, kuma zaɓinta ne. Ke ba haka kika rubuto mini ba. Ba ki ce kin gaji da koyarwa ba, har ƙarin girma aka yi miki tayi, alamar kin iya kuma ana gani. Barci ne ba kya samu. Wanda kuma ya yanke hukuncin rayuwa a lokacin da barci ya yi masa ƙaranci, sau da yawa yakan dawo yana cizon yatsa.

Fita daga aiki tana da sauƙi, komawa ce mai wuya. Claudia Goldin, masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Harvard a Amurka, ta karɓi kyautar Nobel a 2023 saboda binciken da ta yi a kan aikin mata na tsawon shekaru sama da 200. Daga cikin abin da ta nuna akwai cewa a yau tazarar samu tsakanin mace da namiji masu ilimi ɗaya da sana'a ɗaya tana buɗewa ne galibi daga haihuwar fari. Ko a Denmak, inda gwamnati ke tallafa wa raino sosai, bincike ya nuna samun mace yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100 bayan ta fara haihuwa, kuma ba ya komawa yadda yake, na mijinta kuwa ko gezau. Dalilin a fili yake. Ita ce ke rage awanni, ita ce ke ƙin karɓar muƙami, ita ce ake kira in yaro ya yi zazzaɓi a makaranta. In kin fita yau, ba albashin wata kaɗai kika bari ba. Kin bar shekarun da ake ƙirgawa wurin fansho, kin bar matakan da sa'o'inki za su taka, hannunki kuma zai yi sanyi a sana'ar. Ba fata nake yi ba, amma miji yana iya rasa aiki, yana iya kwanciya jinya, yana iya rasuwa. Gidan da ke tsaye a kan samun mutum biyu ya fi jure irin wannan rana. Ki sa wannan a cikin maganar da za ku yi, don shi ma abin ya shafe shi.

Ga abin da nake ganin za ki fara yi. Yawancin mazan da ke cewa "me ake yi a gidan ma" ba ƙarya suke yi ba, da gaske ba sa gani. Ya buɗe durowa ya tarar da rigarsa a goge, bai ga lokacin da aka jiƙa ta ba. Akwai kuma wani aikin da ko a gabansa ake yi ba zai gani ba, don a cikin kai ake yin sa. Ke ce kika san ranar da za a kai ƙaramar rigakafi da inda katin yake. Ke ce kika lura takalmin babban ya fara matse shi, don kin ga yadda yake taka ƙafa da safe. Ke ce kike zazzage jakar makaranta da dare ki tsinci takardar da malama ta aiko tun shekaranjiya, a dunƙule a ƙarƙashin littattafai. Kina tsaye gaban allo kina koyarwa, rabin hankalinki yana lissafin abin da ya ƙare a kicin da wanda zai ɗauko yara in taron malamai ya ja lokaci. Wannan shi ne ke cinye mace, ya fi wanki da shara gajiyarwa, kuma ba shi da lokacin tashi.

Saboda haka ki sami littafi, ki yi mako guda kina rubuta duk abin da kika yi daga buɗe ido zuwa kwanciya, da lokacin da ya ci, har da abin da kika tuna da wanda kika shirya. Ki rubuta nasa ma da gaskiya: kai yara makaranta in yana kaiwa, gyare-gyaren gida, cefane, duk abin da yake yi kada ki rage masa ko ɗaya. Abin da ba a gani ba a daraja shi. A ranar 24 ga Oktoba 1975 matan ƙasar Aislan, kusan kashi 90 cikin 100, suka ajiye aiki na yini guda, na ofis da na gida. Makarantu da shaguna da dama suka rufe, maza suka kwashi yara zuwa wuraren aikinsu. Shekara guda bayan nan majalisar ƙasar ta yi dokar daidaito tsakanin maza da mata, a 1980 kuma suka zaɓi mace, Vigdís Finnbogadóttir, shugabar ƙasa. Ba ina ce ki yi wa mijinki yajin aiki ba, gida ba filin zanga-zanga ba ne. Littafin nan zai yi miki abin da yinin nan ya yi musu, ba tare da yaro ya kwana da yunwa ba.

Sannan ki zaɓi lokaci. Ban da lokacin da ya shigo a gajiye, ban da lokacin da ranki ke tafasa, ban da gaban yara. Ki fara da abin da yake gaskiya, cewa kin san yana ƙoƙari kuma kina son zaman ku. Ki ajiye littafin a gabansa ki ce: "Duba yadda makona yake. Ina tsoron in na ci gaba a haka zan kwanta ciwo, ko in zama uwar da ba ta da abin ba yaranta sai tsawa. Zo mu duba tare mu ga wanne za ka ɗauka." Ki bar shi ya zaɓa. Namiji ya fi riƙe abin da ya ɗauka da kansa a kan wanda aka ɗora masa.

Abin da ya ɗauka kuma ya zama nasa gaba ɗaya, daga tunawa har gamawa. In wankan yamma ne, shi zai san lokaci ya yi, shi zai san sabulu ya ƙare, shi zai nemo kayan barci. In sai kin tuna masa kullum, kin haɗa ruwa, kin jera tawul, to aikin yana nan a kanki, hannu kawai ya ara miki. Gara ya riƙe abu biyu cur da ya riƙa tsoma hannu a goma.

A nan kuma akwai naki gyaran, kuma na san yana da wuya. Zai yi ba yadda kike yi ba. Zai sa wa yarinya rigar da ba ta dace da siket ɗin ba, zai bar banɗaki a jiƙe, yaran za su yi ta ihu a makon farko suna kiran Mama. Ki danne zuciyarki ki zauna inda kike. In kika karɓe kika ce "kawo, ba ka iya ba", kin ba shi hujjar da zai riƙe har abada, kuma ke kika rubuta ta da hannunki. Ke ma ba da iyawa aka haife ki ba, yi ne ya koya miki. Kada ki yi masa dariya, kada ki ba da labarinsa a cikin ƙawaye. Da yawan maza ba aikin suke gudu ba, tsoro suke ji kada a ce sun zama mijin-ta-ce. In ya ga sirrinsa a rufe yake kuma girmansa bai ragu a idonki ba, rabin taurin kan zai tafi. Akwai ma ribar da ba a gaya masa ba. Uban da ke wanke 'ya'yansa da hannunsa yana jin hirarsu, ya san wanda ake zalunta a aji da wanda ke tsoron duhu, kuma yaran suna girma da shaƙuwar da kuɗin makaranta ba ya saye.

Yaran ma ki fara ba su nasu gwargwadon shekarunsu, mace da namiji ba bambanci. Ɗan da ya tashi yana ganin 'yar'uwarsa tana kwashe kwanon da ya ci abinci yana kallo, shi ne mijin da wata za ta rubuto mini a kansa nan da shekara ashirin.

Idan kun yi magana sau ɗaya bai saurara ba, kada ki ce shi ke nan. Abin da mutum ya tashi yana gani tun yana yaro ba ya sauka a zama ɗaya. Ki sake ɗaukowa bayan kwana biyu. In ya kafe, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, mai adalci kuma mai riƙe sirri, ya zauna da ku. In har ya ce shi fa ba zai taɓa ba, to sai a koma kan kuɗi: aikin yana nan, dole wani ya yi shi, ke kuma jikinki ɗaya ne. A ɗauki mai taimako ko a sayi injin wanki, kuɗin kuma ya fito daga lissafin gida, ko da hakan na nufin ki rage abin da kike zubawa a wasu wuraren. In kuka ɗauki mai aiki, ina roƙonki ki ɗauki babba, ba yarinyar da ya kamata a ce tana aji irin naki ba, ki biya ta a kan lokaci, ki ba ta ranar hutu. Masu aikin gida a duniya sun haura miliyan 75, kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma suna cikin ma'aikatan da aka fi tauyewa. Bai kamata sauƙin wata mace ya zama wahalar wata ba.

Ƙawarki tana ƙaunarki, amma ta yi gaggawa. Ba a rushe auren shekara takwas da mutumin da kika shaida ba mugu ba ne a kan matsalar da ba a ma zauna an tattauna ta da kyau ba. Mahaifiyarki ma tana ƙaunarki, kuma abin da ya fisshe ta take ba ki. Kada ki raina haƙurinta, da shi kika girma. Sai dai haƙuri bai hana magana ba, macen da ke haɗiye komai kuma ba ta cika zama lafiya ba, abin yakan fito ta hawan jini ko ta huce a kan yara. Wata magana kuma ga sauran masu karatu: duk abin da na faɗa a nan na gidan da babu duka ne, babu barazana, babu ƙwace albashi, babu hana mace ganin danginta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku tana fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i a rayuwarta, mafi yawa daga hannun abokin zama. Wadda ke cikin wannan hali ba littafin lissafin aiki take buƙata ba, tsira take buƙata, ta gaya wa wanda ta amince da shi ta nemi taimakon hukuma.

Ki kuma je asibiti a duba jininki. Kusan kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, ke kuma kin yi haihuwa uku. In bayan gajiyar kina yawan kuka, ko abin da kike so a da ya daina yi miki daɗi, ki faɗa wa likita wannan ma, kada ki ɓoye.

Ƙarin girman nan, kada ki ce a'a tukuna. Ki je wurin shugaban makarantar ki nemi a ba ki mako biyu, ki tambayi ainihin abin da muƙamin ya ƙunsa: awa nawa zai ƙara, ko za a rage miki darussa, nawa ne ƙarin albashin, tarurruka nawa ne ke kaiwa yamma. Mata da yawa suna ƙin muƙami tun kafin su yi waɗannan tambayoyi, alhali wani lokaci ƙarin girma yana zuwa da raguwar takardun da ake kwana dubawa. Ki kawo amsoshin gida ki haɗa su da littafinki, ku duba tare da maigidan a zama ɗaya. In lissafin ya nuna za ki iya da zarar ya karɓi wankan yamma da aikin makarantar yara, ni dai shawarata ki karɓa.